Sunan da Ka Rubuta a Takardar Asurans: Kyauta ce, Wasiyya ce, ko Amana?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba gado da Kansa, bai bar rabonsa ga son zuciyar kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu daraja, akwai wata fitina da ta fara yawaita a gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa, kuma ba ta tashi sai an share makoki, baƙi sun watse. A buɗe akwatin mamaci, a ci karo da takardar asurans ta rai, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira inshora. A duba, sai a tarar da suna guda: ko na amarya, ko na babban ɗa, ko ma na matar da aka saka shekaru goma da suka wuce. Mai sunan ya ce kamfani shi ya sani, doka shi ta ba. Sauran magada su ce kuɗin nan daga albashin mahaifinsu aka riƙa yankarsa wata-wata, alhali gida na fama. Daga nan zumunci ya tsinke, wanda ya jawo rigimar kuwa yana kabari, ba shi da halin gyara ko harafi ɗaya. Saboda haka na ga ya wajaba mu yi wannan magana tun muna da rai, tun alƙalami na hannunmu.

*Asalin hukuncin asurans*

Mas'alar ba ta yau ba ce. Malamin Hanafiyya na Dimashƙa, Ibnu Abidin, wanda ya rasu a 1836, ya yi magana a kan kuɗin da fatake ke biya don a lamunce musu kayansu a jirgin ruwa, bai kuma halatta karɓar diyyar ba idan an ƙulla cinikin a ƙasar Musulunci. A zamaninmu, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1977, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a 1978, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda cikin Disamban 1985, duk sun tafi a kan haramcin asurans ta kasuwanci da halaccin ta taimakon juna. Dalilinsu shi ne garari, wato cinikin abin da ba a san ƙarshensa ba: wani ya zuba na wata uku ya rasu a biya miliyoyi, wani ya zuba na shekara ashirin wa'adi ya cika bai ga ko dala ba. Ga kuma musayar kuɗi da kuɗi tare da ƙari da jinkiri, ga juya dukiyar a harkokin riba. Akwai waɗanda suka saɓa, mafi shahara Shehu Mustafa Zarƙa na Siriya, amma rinjaye yana ga masu hanawa.

Ta taimakon juna, wadda ake kira takaful, ta tsira ne saboda abin da kowa ya zuba sadaukarwa ce ga asusun jama'a. Imamu Ƙarafi ya bayyana a cikin Al-Furuƙ cewa a mazhabar Imamu Malik garari yana ɓata ciniki amma ba ya ɓata kyauta zalla. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'arawa saboda al'adarsu ta tara ɗan abincin da ya rage musu a lokacin ƙunci su raba daidai. A kan wannan tushe aka kafa kamfanin asurans na Musulunci na farko a Sudan a 1979.

Shawarata ga wanda bai shiga ba tukuna, kuma babu mai tilasta shi, ita ce ya nisanci ta kasuwanci, ya nemi ta takaful inda ta samu. Sai dai mafi yawan masu tambaya sun riga sun shiga: wani wurin aikinsa ne ya saka shi, wani banki ne ya gindaya masa sharaɗi kafin ya ba shi bashi, wani kuwa ya sa hannu cikin rashin sani. Da waɗannan nake magana yau.

*Abin da dokar ƙasa ta ce*

Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar asurans guda, wadda aka sani da CIMA. An sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde ta Kamaru ranar 10 ga Yulin 1992, dokar ta fara aiki a 1995, a 2019 kuma aka ƙara mata ƙa'idojin takaful. Tushen dokar daga Faransa yake, shi ya sa ba ta kallon mutuwa da gado da idon da muke kallonsu. Ga abubuwa huɗu daga cikinta da ya kamata kowane mai takarda ya sani.

1. Idan ka ambaci mai karɓa, kuɗin ba ya shiga cikin dukiyar gado a idon doka. Kamfani zai miƙa wa mai sunan, aikinsa ya ƙare.

2. Idan ba ka ambaci kowa ba, kuɗin yana komawa cikin abin da ka bari.

3. Idan ka rubuta cewa magadanka ne masu karɓa, kowannensu yana da haƙƙi gwargwadon kasonsa na gado.

4. Kana iya sauya suna muddin kana raye, amma idan wanda ka ambata ya riga ya amsa cewa ya karɓi wannan tanadi, ba ka da ikon cire shi sai da yardarsa.

A lura kuma da layin da kamfanoni suka saba bugawa a fom tun kafin ka zo, mai cewa kuɗin na abokin aure ne, in babu sai ƴaƴa, in babu sai magada. An tsara wannan layi ne don gida mai mace ɗaya, a ƙasar da iyaye ba sa gado idan akwai ƴaƴa. Mai mata biyu ko uku da ya sa hannu a ƙarƙashinsa ba tare da an fassara masa ba ya shuka rigima da hannunsa. Uwar da ta haife shi kuwa, wadda Allah Ya yanka wa sudusi, layin ya tsallake ta gaba ɗaya.

*Abin da shari'a ta ce*

Mu tambayi kanmu: a fiƙihu, mene ne sunan wannan aiki na rubuta wani a takarda don ya karɓi kuɗi bayan mutuwarka?

In an ce kyauta ce, to a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya mallaka tun mai bayarwa na da rai da lafiya. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san cewa idan mai kyauta ya mutu kafin a karɓa, abin ya koma gado. Mai suna a takardar asurans kuwa ba ya taɓa ko tamma sai ranar da ka cika.

Abin da aka rataya da mutuwa sunansa wasiyya, kuma wasiyya tana da iyaka biyu. Ta farko, ba a yin ta ga magaji, domin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana, sai fa idan sauran magada balagai masu hankali sun amince bayan rasuwa da daɗin ransu. Ta biyu, ba ta wuce sulusi, kamar yadda ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya yi jinya a Makka, ya kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo.

Wani zai ce: ai kuɗin nan bai taɓa shiga hannun mamaci ba, mutuwarsa ce ta haifar da shi, yaya za a kira shi dukiyarsa? Tambaya ce mai nauyi, amma shari'a tana da makamancinta. Diyyar wanda aka kashe ita ma ba ta samuwa sai bayan mutuwa, duk da haka ana raba ta rabon gado. Sayyidina Umar ya kasance yana ganin mace ba ta da kaso a diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyan ya shaida masa cewa Manzon Allah ya rubuto masa ya gadar da matar Ashyam Addibabi daga diyyar mijinta, sai Umar ya janye ra'ayinsa. Labarin yana cikin Muwaɗɗa. Idan dukiyar da ta samu saboda jinin mutum ta bi hanyar gado, wadda ta samu saboda guminsa da yarjejeniyar da ya ƙulla ta fi cancanta ta bi.

Gaskiya ne wasu malaman zamani suna ganin cewa a tsarin takaful abin da ake biya kyauta ce daga asusun jama'a zuwa ga wanda aka ambata, har ƙasar Maleshiya ta buɗe wannan ƙofa a dokarta ta 2013. Ba na raina wannan fahimta. Amma ko a can, ɓangaren ajiya na mai zubi tushensa dukiyarsa ne, kuma mafi yawan takardun da ke hannun mutanenmu ba na takaful ba ne. Abin da na gamsu da shi, kuma nake ganin ya fi kuɓutar da wuya, shi ne: duk kuɗin da asalinsa zubin mamaci ne, wanda aka ambata a takarda wakili ne mai riƙon amana. Ya karɓo, ya kawo gaban magada, a fara da haƙƙoƙin da ke kan dukiya: shirya gawa, biyan bashi, zartar da wasiyya cikin sulusi, sa'an nan rabo kamar yadda ya zo a aya ta 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Hatimin kamfani yana ba ka ikon karɓa, amma ba ya halatta maka haƙƙin marayu.

*Misali, don abin ya fito fili*

Mu ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata biyu, da uwa da uba, da ƴaƴa maza 5 da mata 3. Bayan an biya bashi, abin da ya rage na rabo sefa 2,400,000 ne. Matan biyu suna da sumuni, jika 300, kowace jika 150. Uwa tana da sudusi, jika 400, uba ma jika 400. Saura 1,300,000, kowane ɗa namiji jika 200, kowace ɗiya jika 100. Mutum 12 ke nan, kowa da haƙƙinsa sananne. Idan sunan mace ɗaya ke takarda ta riƙe duka, haƙƙinta jika 150 ne kawai, sauran 2,250,000 dukiyar mutum 11 ce a wuyanta, cikinsu har da ƙananan yara, wataƙila har da waɗanda ta haifa. Mijin da ya yi haka da niyyar kyautata mata, kaya ya ɗora mata, shi ma ya ɗauki nasa.

*Ba kowane kuɗin mutuwa ne gado ba*

Kada kuma a wuce gona da iri a ɗaya gefen. Fanshon da CNSS ko asusun ritaya na ma'aikatan gwamnati ke biyan matan mamaci da marayunsa, doka ce ta ayyana masu shi da sharuɗɗansu, mamacin bai da ikon ba wani ko hana wani. Malamai da yawa suna ɗaukarsa tallafi ga waɗanda aka ambata, don haka ƴan'uwan mamaci ba su da hurumin tsare bazawara su ce ta kawo a raba. Haka nan abin da ma'aikata ko kamfani ya biya daga aljihunsa kaɗai, ya kuma ce na iyali ne, ana bin sharaɗin mai bayarwa.

Sai asurans ɗin da banki ke haɗawa da bashi. A nan mai karɓa bankin ne da kansa, manufar kuwa a goge ragowar bashin idan mai shi ya rasu. Wajibi ne iyali su san da ita, domin ana iya sayar da fili ko dabbobi a biya bashin da tuni an riga an biya kuɗin lamuninsa. Bashi ba abin wasa ba ne, hadisi ya tabbatar da cewa ran mumini yana rataye da shi har sai an biya.

Game da takardar kasuwanci da mutum ya shiga da zaɓinsa, masu haramtawa sun ce abin da yake tsarkakakke shi ne adadin da ya zuba, wannan ake rabawa, ƙarin kuma a sarrafa shi ga mabuƙata da amfanin jama'a, kada a bar wa kamfani. Idan marayun su ne mabuƙatan, a kai maganar gaban malami masani ya duba halinsu, kada wani ya yanke hukunci shi kaɗai a zaure.

*Tsoron da ke sa a rubuta suna guda*

Mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Maza da yawa ba don ƙin hukuncin Allah suke rubuta sunan mace ɗaya ba. Sun ga yadda ake yi wa matan abokansu: tana cikin takaba a kwashe hatsi, a ɗauke babur, a ce gida na dangi ne, a jinkirta rabo shekara da shekaru har dukiya ta narke. Wannan tsoro yana da tushe, laifin kuma namu ne, mu dangi da muke ci, da mu masu wa'azi da muke yin shiru. Amma ba a maganin zalunci da wani zaluncin, alhali ƙofofin halal a buɗe suke.

Kana son matarka ta tsira? Ba ta kyauta yanzu da ranka da lafiyarka, ta karɓa, a rubuta, a kafa shaidu, ka kuma yi adalci tsakaninta da abokiyar zamanta. Biya ta ragowar sadakinta. Idan ka taɓa cin kuɗin sana'arta ko ka sayar da akuyarta, rubuta shi a matsayin bashi, domin bashi yana gaban gado. Naɗa wasiyyi mai tsoron Allah da zai tsaya wa ƙananan ƴaƴanka. A tsakanin ƴaƴa kuwa ka tuna da Bashir, mahaifin Nu'uman, wanda ya keɓe ɗa guda da kyauta ya nemi Manzon Allah ya shaida, Manzo ya ƙi, ya umurce shi da adalci.

Sulusin nan kuma yana da masu shi. Jikan da mahaifinsa ya riga ka rasuwa, wanda baffanninsa za su shamakance, da agolan da ya tashi a hannunka, da yaron riƙo, da ƴar'uwarka bazawara wadda ba za ta gada ba saboda kana da ɗa namiji: waɗannan ne ya dace a ambata da suna, muddin abin bai wuce sulusin dukan dukiyarka ba.

*Maganar zubi*

Zubin wata shi ma yana da nasa hukunce-hukuncen. Ciyar da iyali wajibi ne na yau, ba a tauye shi saboda tanadin gobe, ba a kuma cin bashin riba don a cika zubi. Wanda ya tabbata takardarsa ta haram ce kuma yana da ikon fita, ya tambayi kamfani nawa za a mayar masa idan ya janye, ya yi shawara, sa'an nan ya fita da ilimi, kada ya watsar kawai dukiyarsa ta salwanta.

A dokar CIMA kamfani ba ya kai ka ƙara don ka daina zubin asurans ta rai. Idan kwana 10 suka wuce bayan lokacin biya, zai aiko maka wasiƙar gargaɗi. Idan kwana 40 suka cika daga ranar aikowa ba ka biya ba, ko a soke yarjejeniyar, ko a rage abin da za a biya, gwargwadon abin da ka riga ka tara. Mai albashi da aka sauya wa wurin aiki, ko ya canza banki, ko ya yi ritaya, ya bincika, domin zubi na iya tsayawa bai sani ba, wasiƙa kuma ta tafi tsohon adireshi. Iyali su dogara da takarda, ranar buƙata su tarar ta daɗe da mutuwa.

Doka ta yarda wani mai ruwa da tsaki ya biya zubi a madadin mai takarda. Idan matarka ko ɗanka ne ke biya maka, ku fayyace tun yanzu a rubuce: rance ne ko taimako? In rance ne, za a mayar masa da kuɗinsa kafin rabo. In taimako ne, ladarsa na wurin Allah, kuma bai ƙara masa kaso a gado ba.

*Abin yi a wannan mako*

Ɗauko takardarka, ka sa wanda ya iya Faransanci kuma ka amince da shi ya karanta maka layin mai karɓa kalma bayan kalma. Idan suna guda ne na magaji, je ka nemi a gyara a rubuta magadanka gwargwadon kasonsu. Idan gyaran ya gagara, rubuta wasiyya gaban shaidu biyu adalai cewa mai sunan wakili ne, ka kira shi ka faɗa masa baki da baki. Sake dubawa duk lokacin da aka yi aure, ko saki, ko haihuwa, ko rasuwa a gidanka. Sanar da aƙalla mutum biyu inda takardar take, domin neman kuɗin yana da wa'adi a doka, kuma za a buƙaci takardar shaidar mutuwa da ta magada. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kwaɗaitar da duk mai abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba.

Kai kuma da aka rubuta sunanka, ko ke da aka rubuta naki, kuɗi ya riga ya shigo hannu: ƙofar gyara ba ta rufe ba. A tara magada, a kira malami masanin fara'il, a lissafa, a mayar wa kowa nasa. In an riga an kashe, a rubuta shi bashi, a riƙa biya sannu a hankali. Baligin da ya yafe kasonsa da daɗin rai ya halatta, amma kason maraya ƙarami babu mai ikon yafe shi, ko uwarsa, ko waliyyinsa. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i, wadda ta zo daf da ayoyin gado, ta yi wa masu cin dukiyar marayu gargaɗi da wuta, wannan kuwa ya ishi mai hankali.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Abin da na dace daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Mai mas'ala ta musamman ya kai takardunsa ga malamin garinsu, domin hukunci yana bin abin da aka rubuta a kowace yarjejeniya. A isar da wannan ga ƴan'uwa ma'aikata da masu bashin banki, wataƙila ya zama sanadin tsirar wani gida.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa wa marayu da zawarawa asiri, Ya sa mu cika da imani babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.